Tafiya da iyali a mota zuwa tsibiran Sikotlan: ku ba ni shawara kafin in kama jirgi

Baban Ilham, Gilasgo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu sanin ƙasar nan. Na samu hutun mako guda a farkon Yuli, yara ma sun yi hutu, ga Hajiya mahaifiyata ta zo mana daga Kano, kuma tun da ta sauka ba ta ga komai ba sai tsakanin gida da masallaci da kanti. Ina so in kwashe su a mota mu shiga arewa. Abin da na tsara shi ne mu bi gefen Loch Lomond (loch shi ne sunan da suke kiran tafki ko lungun teku), mu ga Glencoe, mu shiga tsibirin Skye, mu tsallaka Harris da Lewis a jirgin fito, mu dawo ta Ullapool mu zagaya hanyar NC500, wadda ta kewaye gaɓar arewacin Sikotlan, har John o' Groats, in hali ya yi mu leƙa Orkney, sannan mu sauko ta Loch Ness. Mu biyar ne, ƙaramar yarinyar shekararta 4. Zai yiwu? Kuma me zan fara kamawa, masauki ko jirgi?

Alhaji Garba, Aberdeen:
Wa alaikumus salam. A gaishe da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Ƙanena, abin da ka lissafa tafiyar mako uku ce, ba ɗaya ba. Taswira tana yaudarar mutum a ƙasar nan. Za ka ga mil 40 ka ɗauka tafiyar minti 40 ce, alhali hanyar tana bin bakin ruwa ne, ta kutsa lungu ta fito, wani wurin ma layi ɗaya ce tak. NC500 kaɗai mil 516 ce. Cire ta, cire Orkney, ka bar su sai wata shekara in Allah ya kai mu. In ka nace, abin da Hajiya za ta tuna kawai shi ne ciwon baya da kukan jikoki.

Jirgi za ka fara kamawa, yau ma in ka samu dama. In ka rasa ɗaki a Portree, babban garin Skye, za ka samu a Broadford ko wani ƙauye. Amma in wurin motoci ya cika a jirgin da ke tashi daga Uig a Skye zuwa Tarbert a Harris, sai ka jira na gaba, shi ma in da wuri. Kamfanin CalMac ne ke da waɗannan jiragen, shiga shafinsu ka duba jadawalin bazara, domin lokacin tashi ba ɗaya ba ne kowace rana.

Nura, Edinbara:
Ranka ya daɗe Alhaji, ni a ganina ma ya bar maganar jirgi gaba ɗaya. Skye tana da gada tun 1995, kuma tun ƙarshen 2004 ba a biyan ko kwabo a kanta. Ya shiga da motarsa ya fita lokacin da ya ga dama. Ga Old Man of Storr, ga Quiraing, ga Fairy Pools, ga hasumiyar Neist Point. Kafin gadar kuma ga tsohuwar fadar Eilean Donan, inda loch uku suka haɗu. Me zai je nema a Lewis? Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba bishiya, sai iska. Ko kuma Yaya ka yi hayar mota mai ɗakin kwana, ka huta da neman masauki.

Dakta Hadiza, Inverness:
Nura, kai ɗalibi ne mai ƙafa, shi kuwa da dattijuwa da 'yar shekara 4 zai tafi. Wuraren da ka ambata kusan duk sai an ajiye mota an hau tudu. Storr hawa ne sosai, Fairy Pools tafiya ce a kan duwatsu da laka. A watan Yuli kuwa kafin hantsi wuraren ajiye mota sun cika, mutane sun jera motoci a gefen hanya. Skye tana da kyau, ban musa ba, amma a lokacin bazara ta yi wa hanyoyinta yawa. A Harris, Hajiya za ta ga rairayin Luskentyre da Seilebost tana zaune a cikin mota, fari fat, ruwan kuma shuɗi mai haske wanda hoto ba ya kamawa daidai. In ta ji ƙarfi ta sauka ta taka yashin.

Mota mai ɗakin kwana ban ba ka shawara ba, Baban Ilham. Wanda bai saba da hanya mai layi ɗaya ba, kada ya fara da babbar mota. Kuma mutane suna kuskuren fahimtar dokar 2003 da ta ba kowa damar yawo da kafa tanti a yawancin filayen Sikotlan. Wannan dama ta mai tafiya a ƙafa ce ko keke, ba ta shafi mota ba. A wasu sassan Loch Lomond ma, daga Maris zuwa Satumba, ko tanti sai da izini.

Baban Ilham, Gilasgo:
Na gode Alhaji, na gode Dakta. Na cire NC500 da Orkney. Amma wannan hanya mai layi ɗaya ita ce ke ɗaga mini hankali. In mota ta taho ta gabana ya ake yi? Sannan lasisina na Najeriya ne, wata takwas ke nan da zuwana.

Dakta Hadiza, Inverness:
Lasisin gida yana aiki wata 12 daga ranar da ka zama mazauni, saboda haka kana ciki. Amma ka fara shirin na nan tun yanzu, kuma ka tabbata inshorarka ta san da irin lasisin da kake riƙe da shi. Kujerar yara wajibi ce har yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135.

Hanyar kuwa ba ta da wuya in ka kwantar da hankali. Kowane ɗan nisa akwai wurin kaucewa, an faɗaɗa gefen hanya an kafa alama. Idonka ya riƙa kai wa nesa, ka san inda na gaba yake. In ka hango mota, wanda ya fi kusa da wurin kaucewa shi ne zai tsaya. In wurin yana hagunka, ka shiga ciki. In yana damanka, kada ka tsallaka, ka tsaya a gefenka na hagu daura da shi, mai zuwa shi zai ratsa ta ciki. Nan ne mutanenmu da 'yan Turai suke ruɗewa, saboda hannu ya saba da dama, musamman da safe in an fito daga masauki hanya ba kowa. In ka wuce wurin kaucewa kaɗan kuma kai ne mafi kusa, ka yi ribas ba gardama. Mai hawa tudu a ba shi hanya. Wanda ya tsaya maka ka ɗaga masa hannu, kowa yana yi, kuma ana lura da wanda bai yi ba.

Abu biyu ne suke ɓata wa 'yan garin rai, kuma suna da gaskiya. Na farko, ajiye mota a wurin kaucewa don ɗaukar hoto. Na biyu, mutum ya riƙa tafiya sannu yana kallon duwatsu, motoci biyar a bayansa, ya ƙi kaucewa. Wadda ke bayanka wataƙila nas ce mai zuwa duba tsoho a gida, ko mai sauri ya tarar da jirgi. Ni kaina aiki yana kai ni waɗannan hanyoyi, na san zafin abin. Da ka ga mota a madubi, shiga wurin kaucewa na gaba ka bar ta ta wuce. Tumaki kuma suna kwanciya a tsakiyar kwalta, in ka ga uwa a gefe guda ɗanta a ɗaya gefen, rage gudu, zai ruga wajenta. Da almuru barewa ce abin tsoro.

Maman Sultan, Dandi:
Baban Ilham, bari in yi maka maganar ciki da ta yara, don ita ce ke ɓata tafiya. Naman halal ka saya a Gilasgo, Maman Ilham ta soya kaza da nama ta yi miya mai kauri a zuba a kula, a ɗauki shinkafa, garin tuwo saboda Hajiya, yaji, da filas babba. Ku nemi masauki mai kicin, ba otal ba. In kun wuce Fort William ba za ku dogara da samun mahauci na halal ba. Kifi kuwa sai wanda kuka zaɓa, sabo daga ruwa. A Mallaig da Ullapool ku ci soyayyen kifi da dankali, amma ku tambaya, don wasu da giya suke kwaɓa fulawar, wasu kuma da kitsen shanu suke suya. Akwai romon kyafaffen kifi da dankali da madara da suke kira Cullen skink, Hajiya za ta so shi in an yi sanyi. Abin da za ku kiyaye a Stornoway, babban garin Lewis, shi ne black pudding. Garin ya yi suna a kansa, kuma suna sa shi a karin kumallo ba tare da an tambaye ka ba. Da jini ake yin sa. Tun da dare ku gaya wa mai masauki.

Sai ƙyashinsu, wanda suke kira midge. 'Yar uwa Dakta za ta shaida. Daga ƙarshen Mayu har Satumba, in iska ta kwanta da safe ko da yamma, musamman bakin loch da wurin danshi, sukan taso kamar hayaƙin ɗanyen icce su shiga ido da kunne da ƙarƙashin ɗankwali. Ku sayi man Smidge da ragar da ake sa wa a kai. Iska kaɗan tana korar su, shi ya sa tsibiran waje, wato su Harris da Lewis, suka fi sauƙi a kan Glencoe da Skye. Rigar ruwa ga kowa, da rigar sanyi ga Hajiya, ko da Yuli ne.

Kuma ka bar rana guda a ƙarshe ba shiri. Mu an taɓa soke mana jirgin dawowa saboda iska, muka kwana a tsibirin, maigida ya kasa komawa aiki ranar da ya kamata. Ba laifin kowa ba ne, teku ce.

Dakta Hadiza, Inverness:
Na shaida, Maman Sultan. In ƙara da kaska: in yara sun yi wasa cikin doguwar ciyawa, a duba jikinsu da dare, bayan gwiwa, hammata, gindin gashi. Wasu suna ɗauke da cutar Lyme. Akwai ɗan ƙarfen cire ta a kemis, kada a ƙona ta ko a shafa mata mai. In ja ya fito yana faɗaɗa a wurin bayan kwanaki, a ga likita.

Amma babban abin da nake roƙon ka, don Allah, shi ne ruwa. Loch yana da kyan gani, ranar da aka yi rana sai ka ga yara suna son shiga. Ruwan sanyi ne ƙarara ko a tsakiyar bazara, kuma bakinsa yana yaudara: taku biyu a idon sawu, na uku rami. Sanyin yana ƙwace numfashin mutum ko da gwanin iyo ne. A ƙarshen mako guda cikin Yulin 2021 an rasa rayuka a Loch Lomond, har da yara. Zurfin Loch Ness ya kai mita 230, na Loch Morar da ke kusa da Mallaig mita 310. Hannun Ilham a hannunka duk inda kuka tsaya bakin ruwa.

Malam Isa, Manchesta:
Allah ya saka wa Dakta da alheri. Baban Ilham, ba wanda ya taɓo maganar salla, kuma a can arewa a wannan lokaci tana buƙatar shiri. A Stornoway a ƙarshen Yuni da farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen goma da rabi na dare, ta fito wajen huɗu da rabi, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya tsakanin nan. In ka dogara da manhajar waya, wata za ta ba ka isha ƙarfe ɗaya na dare, wata ta bar wurin babu komai. Malamai sun yi magana a kan ƙiyasta lokaci a irin waɗannan ƙasashe, kuma masallatan Sikotlan sun fitar da jadawali a kan haka. Ka ɗauki tsarin masallacin da kake bi a Gilasgo ka tsaya a kansa, ka gyara magariba da faɗuwar rana ta inda kake. Tafiyarka ta zarce mil 48, saboda haka kasaru ta halatta muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, haɗa salloli kuma rangwame ne ga matafiyi. Alƙibla kudu maso gabas ce. Ka sauke taswira da alƙibla a waya tun a gida, don akwai wuraren da babu sabis.

Kuma akwai masallaci a Stornoway. An buɗe shi a watan Mayun 2018, bayan an tsugunar da iyalan 'yan gudun hijirar Siriya a tsibirin, an gyara wani tsohon gini da gudummawar jama'a. Ƙarami ne, jama'arsa kaɗan ne. In ka daidaita tafiyar ka kasance can ranar Juma'a, zuwanka zai faranta musu rai. Ka tuntuɓe su tukuna ka ji lokaci.

Malama Bilkisu, Zariya:
Ni ina gida, ban taɓa zuwa ba, amma ina bin maganar nan da sha'awa. Ina da tambaya, Baba Alhaji. Duk hoton wuraren nan da na gani, ƙasa ce mai ruwa da ciyawa, amma ba mutane. Kwari guda ba gida ko ɗaya. Sanyi ne ya hana a zauna?

Alhaji Garba, Aberdeen:
'Yata, kin yi tambayar da na so Baban Ilham ya yi kafin ya tada mota. Ba sanyi ba ne. Da mutane a waɗannan kwaruruwa, korar su aka yi. Daga wajen tsakiyar ƙarni na 18 zuwa wajen 1860, masu mallakar ƙasa suka ga tumaki sun fi talakawa kawo kuɗi. Aka riƙa tashin ƙauyuka, wani wurin a cire rufin gida ko a cinna masa wuta don kada a dawo. Wasu aka tura bakin teku inda ba a iya noma, wasu aka zuba a jirgi zuwa Kanada da Ostireliya. A 1851 mai mallakar Barra da Uist ta Kudu, Gordon na Cluny, ya sa aka kwashi mutane da ƙarfi aka kai su Kanada.

Baban Ilham, za ka ga wannan da idonka a Harris. Gefen yamma, inda rairayin nan masu kyau suke, nan ne ƙasar noma, kuma nan aka kori mutane. Ka zagayo ta gefen gabas, dutse ne tsagwaronsa, amma nan za ka ga ƙauyuka a maƙale a bakin kowane lungun teku. Can aka tura su. Suka riƙa tara 'yar ƙasa da ciyawar teku a kan dutse suna yin kunya don su shuka dankali. Har yau sawun kunyoyin yana nan a jikin tudu. In ka ga kangon duwatsu a fili, ka tsaya ka nuna wa yara, gidan wani ne.

Ba su yi shiru ba kuma. A 1882 manoman Braes a Skye suka yi arangama da 'yan sandan da aka turo daga Gilasgo, kuma tashin hankalin shekarun nan ne ya haifar da dokar 1886 da ta hana a tashi ƙaramin manomi daga gonarsa haka kawai. A zamaninmu kuma jama'a suna haɗa kuɗi su sayi ƙasarsu: tsibirin Eigg a 1997, Harris ta Arewa a 2003, Uist ta Kudu a 2006. Galibin mutanen tsibiran waje yanzu a kan ƙasar al'umma suke zaune. Shi ya sa ba na son in ji ana cewa wurin daji ne ba kowa.

Ga wani abu da zai ba Hajiya mamaki. Leverhulme, mai kamfanin sabulu na Lever Brothers, ya sayi Lewis a 1918, ya ƙara da Harris a 1919. Garin Leverburgh da ke Harris sunansa ya ci. Kamfaninsa ne kuma ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya a 1929 ya zama tushen UAC da ta yi cinikin gyaɗa a Kano. Mutum guda, hannu ɗaya a kan gyaɗarmu, ɗaya a kan kifinsu. Sojojin Lewis da suka dawo daga yaƙi gona suke so, shi masana'anta yake so, ba su daidaita ba. A 1923 ya bar wa mutanen Stornoway ƙasar garin, har yau amintattunsu ke riƙe da ita.

In ka isa Stornoway ka je Holm, mil kaɗan ne daga gari. Cikin daren wayewar 1 ga Janairun 1919 jirgin Iolaire, ɗauke da mazan da suka tsira daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya daki duwatsu a bakin tashar, ana hango fitilun gari. Mutum fiye da 200 suka mutu, kusan babu ƙauyen Lewis da bai yi rashi ba. In ka tsaya wurin za ka ga kusancin duwatsun da gaɓa, abin yana taɓa zuciya.

Malama Bilkisu, Zariya:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa sanin Turawa sun yi wa junansu haka ba. Na gode Baba.

Alhaji Garba, Aberdeen:
Sun yi, 'yata. Glencoe ma da zai fara tsayawa haka ne. A watan Fabrairun 1692 sojojin gwamnati suka sauka gidajen dangin MacDonald a matsayin baƙi, aka ciyar da su kusan mako biyu, ranar 13 ga wata da asuba suka tashi suka kashe masu masaukinsu fiye da 30, don shugabansu ya makara wajen yi wa Sarki William mubaya'a. Cin amanar nan ce ta sa ba a manta ba.

Nura, Edinbara:
Na ƙaru, Alhaji, kuma na janye maganar cewa ba abin gani a Lewis. Amma abu ɗaya nake ja a kai. An ce ranar Lahadi komai a rufe yake a Lewis da Harris, kanti, gidan abinci, yawancin gidajen mai. Wuri yana neman baƙi su kawo kuɗi, sannan ya rufe musu ƙofa yini guda? Yaya ya ɓata rana ɗaya cikin bakwai ke nan. Jirgin Lahadi ma sai 2009 aka fara shi daga Stornoway, da zanga-zanga. Kantin Tesco na Stornoway ya fara buɗewa ran Lahadi a ƙarshen 2024, shi ma sai da aka yi ta rigima. Ai duniya ta ci gaba.

Dakta Hadiza, Inverness:
Nura, ba wurin shaƙatawa aka gina don mu ba, garin mutane ne, kusan 26,000 a tsibiran gaba ɗaya. Ranar ibadarsu ce, kuma ko a cikinsu wasu da ba sa zuwa coci suna son shirun ranar. Muhawarar tasu ce, su za su yanke ta. Mu da muke neman a ba mu sa'a guda ranar Juma'a a wurin aiki, bai dace a ce mu ne masu ƙorafin wani ya tsare ranarsa ba. Ka cika tanki ka yi cefane ranar Asabar, shi ke nan. Rairayi ba a rufe su, dogayen duwatsun da mutanen da suka kafa a Calanais da ke Lewis ma suna tsaye a fili kusan shekara 5,000. In kana masauki a ƙauye kada ka shanya wanki a waje ranar, kada ka ƙure kiɗa. Can kudu a Barra da Uist ta Kudu Katolika ne, abin ya fi sauƙi.

Nura, Edinbara:
Anti, na ji. Har yanzu ina ganin gidan mai dai ya kamata ya buɗe saboda larura, amma batun Juma'a ya shige ni.

Malam Isa, Manchesta:
Ni na ga mutunci a wurinsu. Mutane ne da suka san addini da muhimmanci, ba sa mamakin ganin mai salla. Allunan hanya da harshensu na Gaelic za ka fara gani, Stornoway za ka ga an rubuta Steòrnabhagh, Tarbert kuma An Tairbeart, saboda haka ka san sunayen biyu kada ka wuce mararraba.

Maman Sultan, Dandi:
In kuɗin tsaraba ya rage, ku kashe shi a hannun masaƙa. Yadin Harris Tweed doka ce ta 1993 ta tsare shi: sai an saƙa shi da hannu a gidan masaƙi a cikin tsibiran kafin a buga masa hatimi. Za ka ga 'yar rumfa a gefen gida da allo, ka ƙwanƙwasa, wasu za su nuna maka masaƙar tana aiki da ƙafa. Hajiya 'yar Kano ce, ta san saƙi, za ta fi jin daɗin wannan a kan kowace fada. Akwai kuma akwatuna a bakin hanya da ƙwai da kek, ba mai tsaro, ka ɗauka ka jefa kuɗi. Ka riƙe canji.

Baban Ilham, Gilasgo:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na karanta wa Hajiya bayanin Alhaji, ta ce mahaifinta ya yi awon gyaɗa, lallai sai ta ga garin Baturen nan. Ga abin da na tsayar. Litinin: Loch Lomond da Glencoe, mu kwana kusa da Fort William. Talata: mu tsaya Glenfinnan yara su ga gadar jirgin ƙasa, mu shiga jirgi a Mallaig zuwa Armadale, mu kwana Skye. Laraba: mu bi ta Portree zuwa Uig mu tsallaka Tarbert. Alhamis: Harris, yamma da gabas. Juma'a: Stornoway, masallaci da Holm. Asabar: Calanais da safe, jirgin rana zuwa Ullapool. Lahadi: Inverness, gefen Loch Ness, gida. Na roƙi ƙarin Litinin a wurin aiki saboda maganar Maman Sultan. Jirage uku duk na samu wuri. Ya kuka gani?

Alhaji Garba, Aberdeen:
Yanzu ka yi tsari. Gyara biyu. Asabar ta yi matsi: suna rufe karɓar motoci minti 45 kafin tashi, in ka makara an ba wani wurinka. Mayar da Calanais yammacin Juma'a, rana tana nan har goma, kuma jama'a sun ragu. Na biyu, Ullapool zuwa Gilasgo ta Loch Ness yini ne cur, ka tashi da wuri, ka huta a Fort Augustus yara su ga yadda ake ɗaga jiragen ruwa a matakan magudanar Caledonian. Tsallaken Stornoway zuwa Ullapool ya haura awa biyu da rabi, kuma tekun Minch takan yi tsalle, saboda haka Hajiya ta zauna tsakiyar jirgi.

Dakta Hadiza, Inverness:
Ka tambayi mai kemis maganin amai na tafiyar ruwa da ya dace da shekarun yaran, ka kuma gaya masa magungunan da Hajiya take sha kafin ya ba ta komai. Magungunanta a ɗauki har da na ƙarin kwana uku. In kun iso Inverness ranar Lahadi ku biyo ku ci abincin rana, Maman Ilham ta yi mini magana ta sirri in ba ta kwatance.

Baban Ilham, Gilasgo:
To Dakta, mun gode, za ta yi miki magana yau in sha Allah. Alhaji, na mayar da Calanais Juma'a. Malam Isa, in kana da hanyar tuntuɓar masallacin Stornoway ka turo mini ta sirri.